Ku Tambayi Kawu Sanusi: Miliyoyin da Ake Cewa Sabon Wasan Harbi Zai Sayar

Filin amsa tambayoyinku kan waya, kwamfuta da wasannin bidiyo, daga Sakkwato. Wasiƙun wannan karon sun karkata wuri ɗaya, shi ya sa na haɗa su.

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Ina da gidan gem a Mabera, talabijin huɗu, PS4 uku da PS5 ɗaya. Yawancin yaran da ke zuwa ƙwallo suke bugawa, amma kwanan nan sun ishe ni da maganar wasannin harbi da ake yi da mutane da yawa ta intanet. Wani yaro ya nuna mini a wayarshi cewa wanda zai fito nan gaba an yi hasashen zai sayar da miliyoyi, wai duk gidan gem da bai biya tun yanzu ba an bar shi a baya. Na tara ɗan kuɗi don in ƙara batirin sola. In karkatar da su ga wanga wasa? Kuma su wa ke sanin yawan abin da za a saya tun bai shiga kasuwa ba?
*Murtala, Mabera*

Amsa: Wa'alaikumus salam, Murtala. Sayi batirinka. Amma tunda tambaya biyu ka yi, bari in fara da ta biyun, don a cikinta dalilin yake.

Ƙiyasi ne, kuma masu yin sa kashi biyu ne. Akwai kamfanin da ya yi wasan, wanda duk bayan wata uku sai ya tsaya gaban masu hannun jarinsa ya faɗi abin da yake sa ran samu. Akwai kuma kamfanonin nazarin kasuwa, waɗanda sana'arsu ita ce sayar da rahoto. Dukansu abu ɗaya suke leƙawa: nawa aka sayar na wanda ya gabata, mutum nawa suka ba da kuɗin kafin alƙalami, mutum nawa suka yi masa alamar "ina so" a Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, da kuma yawan waɗanda suka shiga gwajin kyauta da ake buɗewa kafin fitowa. A watan Agusta na 2025, misali, lokacin da kamfanin EA ya buɗe gwajin Battlefield 6, mutum sama da 500,000 ne suka kasance a ciki lokaci guda a Steam kaɗai. Wanda ya ga wannan bai buƙatar boka ya gaya masa cewa wasan zai karɓu. Ya fito ranar 10 ga Oktoba, EA ya ce an sayi kwafi sama da miliyan 7 cikin kwana uku, aka yi ta shewa.

To ka riƙe wannan miliyan 7 ɗin. A ƙarshen 2018, wannan kamfanin dai ya sayar da kwafi miliyan 7.3 na Battlefield V, ya fito ya ce bai ji daɗi ba, domin ya gaza abin da ya yi alkawari da kusan miliyan ɗaya. Adadin kusan ɗaya ne, amma a ɗaya an yi murna, a ɗaya an yi jaje. Bambancin shi ne tsawon lokacin da aka ɗauka, da kuma abin da aka riga aka gaya wa masu kuɗi. Waɗannan lambobi don su ake rubuta su, Murtala. Ba don kai ba, ba don yaron da ya nuna maka waya ba.

Kuma dole su yi ta buga ganga, domin kuɗin da suke zubawa ya wuce hankali. Wasu takardun kotu a Amurka sun nuna cewa kamfanin Activision ya kashe dala miliyan 700 a kan Call of Duty: Black Ops Cold War na 2020, daga ƙirƙira har ƙare-ƙaren da aka yi ta yi masa bayan fitowa, ya kuma sayar da kwafi miliyan 30. Wanda ya zuba irin wannan dukiya, idan ya sayar da miliyan biyar ai ya shiga uku. A cikin kowace dala 70 da ake sayar da kwafi ɗaya ma ba duka ke zuwa aljihunsa ba, shagon da aka saya ta cikinsa yakan cire kusan kashi 30 cikin 100. Shi ya sa suke son kuɗinka tun kafin ka ga kayan, kuma tallan "kada a bar ka a baya" daga ofishinsu yake fitowa.

Yanzu ga inda hasashen ke yawan karyewa. Wasan da kake bugawa kai kaɗai, ko mutum goma suka saya a duniya, naka na nan yana aiki. Wasan harbi na taron jama'a kuwa tamkar kasuwar ƙauye yake. Ka gina rumfuna masu kyau, ka share fili, amma idan mutane ba su zo ba kasuwa ba ta ci ba, kuma wanda ya zo ya tarar ba kowa, mako mai zuwa ba zai dawo ba, sai ya nufi Achida ko Illela inda ya san zai tarar da jama'a. Mutane na zuwa ne saboda mutane na nan. Wannan ne mai lissafi ba ya iya aunawa daga ofis.

Ka dubi abin da ya faru da Sony, kamfanin da ke yin PlayStation, a shekara ɗaya tak. A Fabrairun 2024 ya fitar da Helldivers 2, aikin wani kamfani na Suwidin mai suna Arrowhead, a kan dala 40. Jama'a suka yi masa ca, har manyan kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa, waɗanda ake kira saba, suka kasa ɗaukar taron. Cikin mako 12 an sayi kwafi miliyan 12. Ranar 23 ga Agusta na wannan shekarar, Sony ya sake fitar da wani wasan harbin mai suna Concord, shi ma dala 40, bayan an shafe shekaru ana aikinsa. A Steam, ko a ranar da ya fi cika, masu bugawa lokaci guda ba su kai 700 ba. Ranar 6 ga Satumba aka kashe sabarsa, aka mayar wa mutane kuɗinsu, kafin ƙarshen Oktoba an rufe kamfanin da ya yi shi. Mako biyu cur. Wanda ya sayi faifan Concord a can ƙasashen ya samu an biya shi. Kai da za ka aika a sayo maka daga Legas ko Kano, ta hannun wani, ta hannun wani, wa za ka bi?

Wani lokaci ma wasan ba shi da laifi, ranar fitowa ce ta kashe shi. Titanfall 2 ya fito 28 ga Oktoba 2016, mako ɗaya bayan Battlefield 1, mako ɗaya kafin Call of Duty na shekarar. Masu sharhi sun yaba masa sosai, ni ma har gobe ina ganin yana cikin mafi daɗin da aka taɓa yi, amma an matse shi tsakanin manya biyu, cinikinsa bai kai yadda aka zata ba.

Mu dawo shagonka. Me yaro ke biya a wurinka? Mutum biyu, talabijin ɗaya, wasa na minti goma, wanda aka ci ya miƙa hannun gem ga na gaba, mutum shida na zaune a benci suna ihu suna jiran layi. Wannan ihun shi ne jarinka. Sabbin wasannin harbi akasin haka aka gina su. Battlefield 6 ba a raba allo, mutum ɗaya ne da talabijin ɗaya, kuma bai fito a PS4 ba, ke nan injinanka uku cikin huɗu sun fita daga lissafi tun ba a fara ba. Kafin ka shiga fili da wasan da aka saya da kuɗi, sai ka biya PlayStation Plus, kuɗin rajistar da Sony ke karɓa don buga wasa ta intanet. Sony bai buɗe shagonsa ga Najeriya a hukumance ba, shi ya sa kowa ke buɗe asusu da adireshin Amurka ko Ingila yana sayen katin kuɗi da tsada. Sai data: sabuntawa ɗaya na iya cinye gigabait masu yawa, kuma ba ta tambayarka ko ka shirya, ranar Asabar da yamma shago cike sai ka kunna ta ce sai an sauke. Tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100.

Sannan ga nisa. Idan yaro ya danna harbi a Mabera, saƙon sai ya gangara Legas inda wayoyin ƙarƙashin teku suke sauka, ya haye zuwa saba a Turai ko Afirka ta Kudu, ya dawo. Jinkirin yakan haura kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A ƙwallon da ake bugawa kafaɗa da kafaɗa babu wannan matsala ko kaɗan. A wasan harbi kuwa, ɗan Jamus ya riga ya gan ka ya harbe ka kafin allonka ya nuna ya leƙo. Yaro zai biya sau ɗaya, ya mutu sau goma a jere, ya ce hannunka ne ba shi da kyau.

Idan kana son gwada ruwan, akwai hanya mai arha. Sauke Fortnite ko Warzone a PS5 ɗin, kyauta ne, kuma ba sa buƙatar PlayStation Plus. Ware masa wata ɗaya, ka buɗe shafi a littafinka: abin da ya shigo ta wannan talabijin a hagu, kuɗin data a dama. Ka kuma nemi tsohon faifan Black Ops III na 2015 don PS4, wanda mutum biyu za su raba allo su fafata ba tare da intanet ba. Ina kyautata zaton wannan tsohon zai fi sabon kawo maka kuɗi. Batiri kuwa, ka fi ni sanin abin da ke faruwa a watan Afrilu da ƙarfe biyu na rana, zafi ya haura digiri 40, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, yara sun watse gindin darbejiya.

Tambaya: Kawu, gardama ce ta kaure a ɗakinmu. Ni na ce Call of Duty ba a ja da shi, duk wanda zai fito sai ya fi kowa ciniki. Abokina ya ce zamaninsa ya wuce. Munka ce kai za ka raba mu.
*Abdulmalik, ɗalibi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo*

Amsa: Abdulmalik, in dai ba kuɗi kuka sa ba, zan raba ku. In kun sa, ku janye tukuna.

Tarihi yana bayanka. Call of Duty ya fara a 2003, kuma a 2024 Activision ya ce an sayi kwafi sama da miliyan 500 na jerin gaba ɗaya. Modern Warfare II na 2022 ya tara dala biliyan ɗaya cikin kwana goma. A kasuwar Amurka, daga 2009 zuwa 2024, sau uku kawai wani wasa ya sha gabansa a cinikin shekara: 2013, 2018 da 2023, kuma biyu daga ciki wasannin kamfanin Rockstar ne, mai yin GTA.

Amma abokinka ma ba da ka yake magana ba. A 2025 Battlefield 6 ne ya zo na ɗaya a Amurka, Call of Duty: Black Ops 7 da ya fito 14 ga Nuwamba bai kamo shi ba. An fitar da Black Ops biyu a jere, mutane suka gaji, har Activision ya fito a Disamba ya ce ya daina jera iri ɗaya shekara biyu a jere. Kamfani ba ya faɗin haka idan ciniki ya yi daɗi.

Sai dai akwai wani abu da ya dagula lissafin, wanda ku duka biyu ba ku ambata ba. A Oktoba 2023 Microsoft ya kammala sayen Activision Blizzard a kan kusan dala biliyan 69. A Black Ops 6 na 2024 da Black Ops 7 na 2025, ya sa wasan cikin Game Pass tun ranar farko, wato wanda ke biyan kuɗin wata yana bugawa ba tare da ya saya ba. To mutumin nan ba a ƙirga shi cikin masu saye. Daga nan sai ka lura sanarwa ta sauya baki: maimakon "an sayi kwafi kaza", sai ka ji "mutum kaza sun buga" ko "an shafe awa kaza ana bugawa". Duk sanarwar da ka gani, fara duba wanne aka ƙirga. Wanda ya buɗe wasa na minti biyar ya rufe, shi ma an rubuta shi cikin waɗanda suka buga. Haka kuma akwai tazara tsakanin kwafin da aka tura wa shaguna da wanda ya isa hannun mai saye.

Hukuncina: Call of Duty bai mutu ba, kuma ba na ganin zai mutu nan kusa, domin akwai miliyoyin mutane da wasa ɗaya ko biyu kawai suke saye a shekara, shi da ƙwallo. Abin da ya rasa shi ne tabbacin cewa kujerar farko tasa ce ko me ya kawo. Kuma kowane wasan harbi da ke tafe, idonsa na kan GTA VI, wanda aka ɗage sau biyu, ranar da Rockstar ya sanar daga baya ita ce 19 ga Nuwamba 2026. Wanda ya gabace shi ya tara dala biliyan ɗaya cikin kwana uku a 2013. Duk wanda ya fito kusa da shi, ya tuna da Titanfall 2. Don haka kai ka ci rabi, abokinka ya ci rabi, ku koma ga karatu.

Tambaya: Malam, mu nan ba mu da PS, ba mu da kwamfuta. Free Fire da Call of Duty na waya muke yi, kuma ko sisi ba mu biya ba. Shin ana lissafawa da mu cikin miliyoyin nan? In kyauta ne, mi suke ci?
*Nasiru mai cajin waya, Illela*

Amsa: Ana lissafawa da ku, Nasiru, amma a wani littafin daban. Ku ne ma kuka fi yawa. Call of Duty: Mobile ya fito 1 ga Oktoba 2019, aka sauke shi sau miliyan 100 a makon farko. Babu wasan dala 70 da ya taɓa kusantar haka. Free Fire na kamfanin Garena da ke Singafo, wanda ya fito a 2017, ya mamaye ƙasashe irin namu ne saboda yana tafiya a ƙaramar waya mai ƙaramin ƙarfi.

Abin da suke ci shi ne kwalliya: riga, fentin bindiga, rawar da ɗan wasa ke takawa, da tikitin kakar wasa. Mafi yawan mutane ba sa saye. Kaɗan ne ke saye, cikinsu kuma akwai masu zuba kuɗi kamar ba gobe. Kai da ba ka biya, amfaninka gare su shi ne ka cika fili, don mai sabuwar riga ya samu wanda zai nuna wa.

Kyauta ma ba ta hana mutuwa. XDefiant na kamfanin Ubisoft ya fito kyauta a Mayu 2024, mutane suka yi tururuwa a farko, aka rufe shi a Yuni 2025. Warzone Mobile, duk da sunan Call of Duty da ke kansa, ya fito a Maris 2024, aka cire shi daga shagunan waya a Mayu 2025. Duk rigar da ka saya a irin wannan wasa, a sabar kamfani take ajiye, ranar da aka kashe ta tafi ke nan. Idan za ka sa kuɗi, sa abin da za ka iya kashewa a shayi da burodi ba ka yi da-na-sani ba.

Tambaya: Salamu alaikum. Ɗana mai shekara 13 ya tsare ni sai na ba shi kuɗi sama da naira 100,000 ya biya wani wasan bindiga da bai ma fito ba. Ya ce kowa zai saya, in ya jira zai ƙare. Babansa ya sai masa injin gem ɗin bara da ya ci jarrabawa. Ni ban san kan abin ba, kuma gaskiya maganar bindiga a wannan zamani ba ta kwanta mini ba.
*Hajiya Asabe, Gawon Nama*

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Kuɗin da ya faɗa bai ƙara ba. Manyan wasannin nan dala 70 ake sayar da su, idan aka lissafa dala a kan naira 1,500 ya kama naira 105,000, wato ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a 2024.

Maganar "zai ƙare" ce ba haka ba. Wasan da ake saukewa ta intanet ba ya ƙarewa, ba buhun shinkafa ba ne a sito. Abin da ake ba wanda ya biya da wuri bai wuce 'yar kwalliya ko damar shiga gwaji ba. Wanda ya jira kuwa yakan ci riba: irin waɗannan wasanni sukan sauke farashi bayan 'yan watanni, kuma kafin nan an gane ko na zama ne ko irin Concord ne da na ba Murtala labari a sama. Battlefield 2042 na 2021 ya fito da kurakurai jingim, waɗanda suka yi gaggawa su suka sha haushinsa, aka ɗauki watanni ana gyara.

Damuwarki ta biyu ta fi ta kuɗin nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Mu da ke da 'yan'uwa a Sabon Birni da Isa, ƙarar bindiga ba abin nishaɗi ba ce a kunnenmu. Ba zan ce miki wasa na mayar da yaro ɗan ta'adda ba, don na ga yara da yawa sun taso da shi sun zama mutanen kirki. Amma masu yin wasannin da kansu sun rubuta shekaru a jikin kwali. Ki karɓi kwalin kowane faifai da yake da shi, ki duba kusurwar ƙasa ta hagu. Idan na Turai ne za ki ga lamba: 3, 7, 12, 16 ko 18. Idan na Amurka ne za ki ga harafi, M na nufin shekara 17 zuwa sama. Call of Duty na baya-bayan nan 18 ne a Turai, M a Amurka. Ɗanki saura shekara biyar.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba hoton ba ne, muryoyin ne. A waɗannan wasanni yaro na sa abin kunne yana magana kai tsaye da baƙin da bai sani ba daga ko'ina a duniya, manya da yara, kuma zagin da ake yi a can ba ya faɗuwa a shafin nan. Injin yana da wurin da iyaye ke kulle hira da baƙi, su ƙayyade shekarun wasan da zai buɗu, su sa iyakar kuɗi da ta lokaci. Ki sa babansa ko wani yayansa su zauna su saita, lambar sirrin ta zauna a wurinki. A fito da talabijin ɗin falo inda kowa ke wucewa. Idan kuma kina son ki faranta masa kada ya ga an hana shi komai, ki ce ya zaɓi na ƙwallo ko na tseren mota, ki ƙara masa hannu na biyu don ya riƙa bugawa da ƙannensa.

Masu tambaya kan wayar da ke zafi lokacin caji, na ga saƙonninku, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.